Bayan gasar shiga makarantar injiniyoyi: ina waɗanda ba su ci ba za su dosa?

Kowace shekara, manyan makarantun husa'a na ƙasarmu da waɗanda muke tarayya da ƙasashe ƴan'uwa a cikinsu sukan buɗe gasar ɗaukar sababbin ɗalibai, wadda a bakin ƴan makaranta ake ce ma konkur. Samari da ƴan mata masu bakaloreya ta fannin kimiyya da husa'a, wato C da D da E da F, sukan tara takardunsu, su biya kuɗin rajista, su zauna jarrabawa. Ranar da aka liƙa sunaye kuwa, kaɗan ne ke komawa gida da murna. Sauran, waɗanda su ne masu yawa, sukan koma da baƙin ciki, uwayensu kuma, musamman waɗanda ba su yi nisa cikin karatun boko ba, sukan ɗauka cewa magana ta ƙare.

Wannan zato shi ne ke jawo ma gidaje da yawa hasara. Wani yaro sai ya jingine littafi ya kama hayar babur, wani ya bi ayarin masu tafiya ci-rani bayan hamada, wani kuma ubansa ya saida gona ko bisashe ya kai shi makarantar kuɗi wadda takardarta ba ta da daraja ko'ina. Alhali kuwa hanyoyin zama injiniya suna da yawa, gasar nan ta bayan bak ɗaya ce kawai daga cikinsu. Rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje ma masu karatu waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, da amfanin kowace da abin da ya kamata a yi hattara da shi.

Bambancin jarrabawa da gasa

Da farko ya kamata a san cewa jarrabawa daban, gasa daban. A jarrabawa irin ta BEPC ko ta bak, duk wanda ya kai matsakaicin maki 10 bisa 20 ya ci, ko su nawa ne. A gasa kuwa kujeru ƙidayayyu ne. A misali, idan makaranta tana da kujera 30, mutum 600 suka zauna, to 570 za su koma gida, ko da cikinsu akwai masu maki 13 ko 14. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Saboda haka, faɗuwa gasa ba ta nuna cewa yaro daƙiƙi ne. Abin da take nunawa shi ne wasu sun fi shi shiri a wannan rana, cikin waɗannan darussa.

Abu na biyu shi ne nauyin darussa, wato ninkin da ake yi ma makin kowane darasi. Bari mu ba da misali don a gane. A ce lissafi ana ninka shi sau 4, fizik sau 3, Faransanci sau 1. Yaron da ya samu 8 a lissafi, 11 a fizik, 15 a Faransanci, jimlarsa 80 ce, idan an raba gida 8 ya tashi da 10. Wani kuma da ya samu 13 a lissafi, 11 a fizik, 7 a Faransanci, jimlarsa 92 ce, ya tashi da 11 da rabi. Na farko ya fi na biyu iya magana da rubutu nesa ba kusa ba, amma na biyu ne zai shiga gabansa. Don haka, kafin a yanke shawarar komi, sai yaro ya zauna da malaminsa na lissafi ko na fizik su duba inda ya yi rauni. Wanda maki ɗaya ko biyu suka raba shi da kujera, shawararsa daban da ta wanda ya tashi da 5 ko 6.

Aikin injiniya tsani ne mai matakai

A tsarin karatun da muka gada daga Faransa, injiniya shi ne wanda ya yi shekara 5 bayan bak. Amma tsakanin bak da wannan matsayi akwai matakai. Bayan shekara 2 akwai takardar DUT ko ta BTS, wadda ke ba mutum matsayin babban ma'aikacin husa'a. Bayan shekara 3 akwai lisansi. Bayan shekara 5 akwai masta ko takardar injiniya. Abin lura shi ne, kowane mataki yana da tasa ƙofa. Wanda bai samu shiga ta ƙofar ƙasa ba yana iya hawa ta wani tsani, ya shigo ta ƙofar tsakiya.

Ko a Faransa, inda wannan al'ada ta gasa ta samo asali, inda aka kafa makarantar gadoji da hanyoyi tun 1747, da makarantar Politeknik a 1794, an daɗe da gane cewa ƙofa guda ba ta isa. Shi ya sa a 1966 aka buɗe cibiyoyin husa'a na jami'a da ake ce ma IUT, kuma a yau makarantun injiniyoyi da yawa na can suna karɓar waɗanda suka fito daga waɗannan cibiyoyi ko daga jami'a, bisa duba takardunsu da ganawa da su.

A ƙasarmu, makarantar da aka fi sani cikin wannan fanni ita ce EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ilimin ƙarƙashin ƙasa, da ke Harobanda a birnin Yamai. Shugabannin ƙungiyar tattalin arziki ta CEAO ne suka yanke shawarar kafa ta a 1982, ta soma karatu a 1990, sa'annan bayan rushewar ƙungiyar a 1994 ta dawo hannun Nijar. Tana horar da ɗalibai kan gine-gine, lantarki, injuna, kwamfuta da ma'adinai. Sai dai makaranta guda, komi girmanta, ba ta iya ɗauke duk masu buƙata, kuma ba ita kaɗai ce ke akwai ba.

Hanya ta farko: karatun shekara biyu

Hanya mafi kusa ga yaran jihohi ita ce cibiyoyin IUT. An soma karatu a na Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2008, kuma a kansu ne aka gina jami'o'in waɗannan birane uku a 2010: jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da jami'ar André Salifou ta Damagaram. A 2014 aka ƙara jami'o'i huɗu a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. A IUT ta Maraɗi ana koyar da aikin gine-gine da na lantarki, waɗanda su ne ƙashin bayan aikin injiniya. A Agadas kuma akwai tsohuwar makarantar ma'adinai ta Ayar, EMAIR, wadda ta daɗe tana horar da ma'aikatan haƙar ƙarƙashin ƙasa.

Amfanin wannan hanya uku ne. Na ɗaya, yaro yana kusa da gida, ɗawainiyar ci da kwana ta ragu. Na biyu, karatun na hannu ne: awon fili, zanen gini, haɗa siminti da tsakuwa bisa ƙa'ida, jan waya, gyaran injin, da zuwa koyon aiki cikin kamfani. Na uku, bayan shekara 2 yana da takarda a hannu wadda zai iya neman abinci da ita, ko da wata lalura ta gida ta hana shi ci gaba.

Sharaɗinta kuwa ɗaya ne, amma mai nauyi. Wanda ke son ya zarce zuwa lisansi da matsayin injiniya, dole ne ya fita cikin na gaba-gaban aji, domin a ƙofar tsakiya makin shekarun nan biyu ake dubawa. Wanda ya shiga IUT da ɓacin rai, yana ganin an rage mashi daraja, ya yi sakaci da karatu, to ya rufe ma kansa ƙofa ta biyu da hannunsa.

Hanya ta biyu: sashen kimiyya na jami'a

Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta soma a matsayin cibiyar karatu mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, tana da sashen kimiyya da husa'a inda ake karanta lissafi, fizik, kimiyyar sinadarai da ilimin duwatsu. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram su ma suna da irin wannan sashe. Lissafi da fizik ɗin da ake koyarwa cikin shekarun farko na lisansi su ne tushen da kowane injiniya ke tsayawa a kai. Wanda ya riƙe su da kyau yana iya neman shiga makarantar injiniyoyi a mataki na sama, inda masu takara sun ragu, kuma duk sun san abin da suke nema.

Amma a faɗi gaskiya: ajujuwan shekarar farko a jami'a cike suke maƙil, babu malamin da zai bi ɗalibi ya tambaye shi dalilin da ya sa bai zo ba, kuma tsaikon da akan samu cikin shekarar karatu yana iya tsawaita lisansi fiye da shekara 3. Wannan hanya ta mai iya riƙon kansa ce. Yaron da sai an tsaya kansa yake karatu, gara ya nemi ƙaramin aji.

Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992 ya isa abin koyi a nan. An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa a 1929, ya ƙware a fizik a Faransa, ya komo ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, inda aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki masu aiki da zafin rana. Ilimin fizik ne ya kai shi ga ƙira, kuma har ya rasu a 1991 ana lissafa shi cikin manyan masana hasken rana na Afirka.

Hanya ta uku: makarantun tarayya da fannonin da ake mantawa

Yawancin yara gine-gine da lantarki da man fetur kaɗai suka sani, sai su taru a ƙofa guda. Alhali a cikin birnin Yamai kansa akwai makarantu biyu na ƙasa da ƙasa. Akwai EAMAC, ta hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama ASECNA, wadda tun 1963 take horar da masu jagorar jirage daga ƙasa, masana yanayi da masu gyaran na'urorin filin jirgi. Gasarta mataki-mataki ce, kuma matakin injiniya na waɗanda suka riga suka yi shekaru a jami'a ne; ke nan wanda ya bi hanya ta biyu yana iya tarar da ita a gaba. Akwai kuma cibiyar AGRHYMET, wadda ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, CILSS, ta kafa a 1974, mai koyar da ilimin ruwa, yanayin noma da kare shuka. A Kollo akwai IPDR, mai horar da ma'aikatan raya karkara, cikinsu har da masu aikin madatsun ruwa da filayen noman rani.

A waje kuwa, akwai 2iE ta Wagadugu, wadda ta samu a 2006 daga haɗewar tsofaffin makarantu biyu na tarayya, EIER ta 1968 da ETSHER ta 1970, mai koyar da aikin ruwa, makamashi da gine-gine. Akwai ESMT ta Dakar, makarantar sadarwa da Nijar ke cikin ƙasashe 7 da suka kafa ta a 1981. Akwai EAMAU ta Lome ga masu son zanen gidaje da tsara birane. Wasu daga cikin waɗannan makarantu suna karɓar ɗalibi bisa duba takardunsa idan shi zai biya kuɗin karatu, kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Kowace tana da lokacin rajistarta, kuma lokutan ba su zo ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hankali shi ne wanda tun yana ajin ƙarshe na lise ya rubuta sunayen makarantu uku ko huɗu, bai rataya ransa ga guda ba.

Hanya ta huɗu: sake zama gasar

Wanda tazara kaɗan ta raba shi da kujera yana iya sake gwadawa baɗi. Sannu ba ta hana zuwa. Amma a kiyaye abu uku. Na farko, gasa da yawa suna da iyakar shekarun haifuwa, sai a karanta sanarwa da kyau kafin a ɓata shekara. Na biyu, kada yaro ya zauna gida hannu sake da sunan shiri. Ya yi rajista a sashen kimiyya na jami'a, ta yadda idan ya ci gasar ya ci riba, idan bai ci ba shekararsa ba ta tafi banza ba. Na uku, ya nemi tambayoyin shekarun baya wurin waɗanda suka riga shi, ya riƙa amsa su yana duban agogo, domin da yawa sun san amsa, lokaci ne ke ƙure masu. Gwaji na biyu hankali ne. Wanda ya kai na uku da na huɗu yana bugun ƙofa guda kuwa, ƙannensa za su wuce shi yana tsaye.

Hanya ta biyar: makarantun kuɗi

Makarantun husa'a masu zaman kansu sun yawaita a Yamai da manyan birane. Cikinsu akwai na kirki, akwai kuma waɗanda allon bakin ƙofa ya fi abin da ke ciki kyau. Kafin uba ya fidda ko dala, ga tambayoyin da ya kamata ya yi. Shin makarantar tana da izinin hukuma, kuma izinin ya shafi fannin da yaron zai karanta? Shin tana gabatar da ɗalibanta ga jarrabawar BTS ta ƙasa, nawa ne kuma suka ci bara? Shin takardunta sun samu amincewar CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaskar, wadda aka kafa nan Yamai a 1968, hedikwatarta kuma take Wagadugu? Shin tana da ɗakin gwaji da kayan aiki, ko kuwa lantarki da alli kawai ake koyar da shi bisa allo?

Zuwa da kai ya fi saƙo. Uban da ya yi yaƙi da jahilci, ya iya karatu da lissafi, yana iya zuwa da ƙafarsa ya ce a nuna mashi takardar izini da ɗakin injuna, ya kuma rubuta kuɗin shekara 3 gaba ɗaya, haɗe da na haya da abinci da kayan karatu, kafin ya amsa. Karatun da ya tsaya a tsakiya don kuɗi sun ƙare, hasara biyu ce: ba takarda, ba gona.

Karatu a ƙasashen waje

Ƙasashe aminai irin su Aljeriya da Maroko sun daɗe suna ba ɗaliban Nijar guraben karatu, kuma ta hannun hukuma ake bi, musamman hukumar tallafin ɗalibai ta ƙasa, ANAB. Galibi makin bak ake dubawa wajen zaɓe, don haka wanda bak ɗinsa ta yi kyau amma gasa ta kayar da shi, bai kamata ya yi sanyin jiki wajen ajiye takardunsa ba. A maƙwabciyarmu Najeriya kuma tsarin ya yi kama da tsanin da muka zana: kwalejojin husa'a suna ba da takardar ND bayan shekara 2, sa'annan HND bayan shekara guda ta koyon aiki da wasu shekara 2 na karatu, kuma mai takarda mai kyau yana iya shiga jami'a a aji na biyu. Sai dai karatun da Ingilishi ake yi, kuma idan an komo sai an nemi hukuma ta daidaita takardar da irin tamu.

A nan ma a yi hattara da dillalai masu cewa a ba su kuɗi su samo ma yaro gurbi a waje, ko su sa sunansa cikin waɗanda suka ci gasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Gurbin gaskiya yana zuwa da takarda mai hatimi daga makaranta ko daga ma'aikata.

Ƙofar ma'aikata

Akwai wata hanya da ma'aikatan gwamnati suka fi kowa saninta. Mai DUT ko BTS da ya kama aiki, bayan ya yi wasu shekaru, yana iya zama gasar ƙarin girma ta ma'aikata, ko ya nemi izinin komawa makaranta. Hanya ce mai tsawo, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara. Injiniyan da ya taɓa riƙe magwajin fili cikin rana, ya san halin leburori da magina, ba a yi mashi rufa-ido a wurin aiki.

Abin da ƙasa ke jira

Ayyukan da ke gabanmu ba su tambayar ta wace ƙofa mutum ya shigo. Matatar man fetur ta SORAZ da ke arewa da Damagaram, mai ƙarfin tace ganga 20.000 a yini, tana aiki tun 2011. Bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2.000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin ya soma kai mai a 2024. Tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta Malbaza ta soma a 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 kuma a 2023. Ga madatsar Kandaji bisa kogin Kwara, ga gawayin Anu Araren, ga uraniyom na Arlit, ga dubban rijiyoyin burtsatse da famfunan ƙauyuka masu jiran mai gyara. Kowane injiniya guda yana buƙatar manyan ma'aikatan husa'a da dama a gefensa. In babu su, zanensa a takarda zai tsaya.

Saboda haka muna kira ga uwaye da kada su tarbi yaron da bai ci gasa ba da gori da zagi. Wanda ya samu bak ta kimiyya ya riga ya tsallake siraɗin da dubbai ba su tsallake ba. Wannan kira ya fi ƙarfi game da ƴan mata, domin sau da yawa faɗuwa guda ce ake fakewa da ita a ce karatu ya isa haka nan, alhali ɗan'uwanta namiji ana ba shi dama ta biyu.

Muna kuma kira ga shugabannin lise, da jami'an ilimi na jihohi da gundumomi, da magadan gari, da gidajen rediyon karkara, da su riƙa isar da sanarwar gasa da ta guraben karatu cikin harsunan ƙasa, kuma da wuri. Ɗan ma'aikacin da ke Yamai yana jin labari tun kafin a buɗe rajista. Ɗan manomin Dakoro ko Magariya ko Bouza sau da yawa sai an rufe yake ji. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi mai yawa: takarda ce a liƙa a ƙofar lise, da minti biyar a rediyo ranar kasuwa.

Ga shi kuwa yaron da abin ya shafa, aikinsa na wannan mako a bayyane yake: ya duba makinsa darasi-darasi tare da malami, ya rubuta makarantun da rajistarsu ba ta rufe ba, ya tanadi takardar haifuwa da ta zama ɗan ƙasa da kwafin bak mai hatimi, ya ajiye takardunsa wuri biyu ko uku. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma sa karatun ɗiyanmu ya amfani ƙasa baki ɗaya.